Mdou Moctar: Makaɗin Jita Da Aka Ɗauki Faifansa Na Fari A Sakkwato

Kogin Kwara, kafin ya iso Yelwa ta ƙasar Yawuri ya baje ya zama tabkin Kainji, sai da ya ratsa ta Gao a ƙasar Mali, ya bi ta tsakiyar birnin Yamai, ya gangaro ta Gaya, sa'an nan ya shigo Jihar Kebbi. Tun zamanin kakanni wannan hanya ce ta jama'a. Fatake sun bi ta da gishiri da kanwa, masunta sun bi ta da jiragensu, malamai sun bi ta da littattafansu, makaɗa kuma sun bi ta da kayan kiɗansu. Saboda haka in aka ce za a ba mutumin Yawuri ko Ngaski ko Shanga labarin wani makaɗi na Jamhuriyar Nijar, to, labarin maƙwabci ne za a ba shi.

Makaɗin da za mu yi magana a kansa yau sunansa na yanka Mahamadu Sulaimanu, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, watau yana daga cikin mutanen da muka fi sani da Buzaye. Sana'arsa kiɗan jita mai aiki da lantarki, yana kuma waƙa da harshen iyayensa, Tamashek. Daga filayen biki na Agadas kiɗansa ya kai manyan dandali na Turai da Amurka, inda dubban mutanen da ba su jin ko kalma guda ta harshensa ke biyan kuɗi don su saurare shi.

Abu biyu ne suka sa labarinsa ya shafe mu. Na farko, a birnin Sakkwato aka ɗauki faifansa na fari cikin 2008, da irin kayan aikin da ake yi wa finafinan Hausa kiɗa da su. Na biyu, kukan da yake yi a waƙoƙinsa, na ƙasar da arzikinta ke haskaka gidajen wasu alhali 'ya'yanta na kwana cikin duhu, kuka ne wanda mazauna bakin tabkin Kainji ba su bukatar tafinta kafin su gane shi.

ASALINSA

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a ƙasar Azawak, arewa da birnin Tawa, yankin da garuruwan Abalak da Cintabaradan suke. Ya yi wani sashe na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da ake haƙar ma'adinin yuraniyam. Gidansu gida ne na masu riƙo da addini, kuma kamar yadda yake a gidaje da yawa nan wajenmu, iyayensa ba su ɗauki kiɗa abin da ɗan mutunci zai sa gaba ba. Da yake ba wanda zai saya masa jita, sai yaro ya nemi katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a maimakon tsirkiya, ya riƙa koyo a ɓoye. Duk wanda ya taɓa ganin yaran ƙauye suna haɗa kuntigi da gwangwanin kifi ya san irin wannan himma. Mai nema, in ji Hausawa, yana tare da samu.

Har ila yau, yaron bahago ne. Jitar da ake kawowa kasuwannin ƙasashenmu kuwa ta masu hannun dama ce, ta bahago wuyar samu gare ta. Wannan ma wata wahala ce da ya sha kafin hannunsa ya faɗa. Da ya zama saurayi sai ya bi sawun sa'o'insa ya tafi ci-rani Libiya, ya yi 'yan shekaru yana aikin ƙarfi, sa'an nan ya komo gida ya rungumi jita gadan-gadan.

KIƊAN DA YA TARAR

Mdou bai ƙirƙiro kiɗan jitar Abzinawa ba, tarar da shi ya yi. Farin da aka yi a 1973 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun ƙarar da dabbobin makiyaya a Nijar da Mali, suka kori samari da yawa zuwa Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka. Waɗannan samari su ne aka laƙaba wa suna Ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci, ma'anarta marasa aikin yi. A can baƙunta suka koyi jita, suka riƙa rera begen gida da ɓacin ransu a kan halin da danginsu ke ciki. Daga cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali ta fito, wadda daga baya ta ci lambar Grammy ta Amurka a 2012. A Nijar kuwa jagoran wannan kiɗa shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, kuma kiɗansa ne ya fara ɗarsa wa Mdou son jita tun yana yaro.

A watan Mayu na 1990 aka yi tashin hankali a Cintabaradan inda sojoji suka kashe fararen hula, abin da ya hura wutar tawayen Abzinawa har zuwa yarjejeniyar sulhu ta watan Afrilu na 1995. A waɗannan shekaru hukuma na kallon jita a matsayin muryar 'yan tawaye, kaset ɗin waƙoƙin kuwa hannu da hannu suke yawo a asirce. Bayan an yi sulhu sai kiɗan ya fito sarari, ya zama na biki da suna da taron siyasa. Wannan zamani ne Mdou ya tashi a cikinsa.

Amma fa a ƙarƙashin jitar akwai tsofaffin kaɗe-kaɗe na gargajiya. Akwai tinde, wanda mata ke yi da turmi da aka rufe bakinsa da fata, ana tafi ana amshi. Akwai kuma takamba, wanda ake yi da wani irin molo mai tsirkiya uku da ƙwarya. Wanda ya saba da molo da garaya da kiɗan ƙwarya na ƙasar Hausa, in ya kasa kunne ga jitar Mdou, zai ji yatsunsa na tsinkar waya kamar yadda mai molo ke yi, kiɗan yana zagayawa yana komowa inda ya faro. Marubutan jaridun Turai sukan kwatanta shi da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka wanda shi ma bahago ne. Kwatancin ba laifi, sai dai tushen abin yana nan Azawak da Agadas.

ZUWA SAKKWATO

Mutumin Tawa in yana da wata bukata ta birni, Sakkwato ta fi masa Yamai kusa ƙwarai da gaske. In ya hau mota zuwa Birnin Ƙonni, ya ƙetara iyaka a Illela, ya iso ke nan. Sakkwato ce Mdou ya nufa a 2008 don neman inda za a ɗaukar masa waƙoƙinsa.

Lokacin nan kasuwar finafinan Hausa na kan ganiyarta. Tun daga fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990 sana'ar ta yi ta bunƙasa, ta kuma haifar da wani sabon kiɗa wanda ake yi da fiyano mai lantarki da kwamfuta. Ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa suka yawaita a biranen Arewa. Abin da aka fi gane wannan kiɗa da shi shi ne wata dabara ta kwamfuta mai suna Auto-Tune, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1997 don daidaita muryar mawaƙi in ta kauce, amma in aka matsa mata sai ta mai da murya siririya mai karkarwa, kamar ta fito daga bakin sarewa. Dattawa da masana da yawa sun yi ta kukan cewa fiyano zai kashe kalangu da kotso, kuma kukan nasu yana da dalili.

To, irin wannan ɗaki ne Mdou ya shiga da jitarsa. Abin da ya fito shi ne faifan Anar: waƙoƙin bege cikin harshen Tamashek, jita a hankali, gangar na'ura a ƙasa, muryar kuwa an bi ta da wannan dabara ta 'yan fim. Kunnen da ya saba da waƙoƙin finafinan Kano zai ji salon gida a ciki, kunnen da ya saba da Tinariwen kuma zai ji hamada. Haɗuwar biyun ce ta sa faifan ya fita daban da na sauran makaɗan jita na zamaninsa. Watau salon nan da ake yi wa kallon raini a gida, shi ne ya fara buɗe wa wannan saurayi ƙofa.

WAYAR HANNU TA ZAMA KASUWA

Babu kamfanin da ya buga Anar a lokacin, babu kuma kantin da ya sayar da shi. Waƙoƙin sun bazu ne ta wayar hannu. A shekarun nan intanet bai wadata ba a garuruwan hamada, amma kusan kowane saurayi na da 'yar wayarsa mai memori. In abokai suka haɗu wajen shan shayi sai a tura wa juna waƙa ta Bluetooth, direbobi da 'yan ci-rani kuma su ɗauke ta zuwa gari na gaba. Da haka muryar Mdou ta ƙetara iyakoki ba fasfo, ta shiga Mali da Aljeriya da Libiya, shi kuwa ko anini bai samu ba.

Ana nan sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, ya zo yawon tattara kaɗe-kaɗe a Afirka ta Yamma. Ya zauna a garin Kidal na arewacin Mali wajen 2010, inda ya riƙa musayar waƙoƙi da samari daga wayoyinsu zuwa kwamfutarsa. Da ya koma gida sai ya zaɓi wasu ya buga su a faifai guda a 2011, a ƙarƙashin ɗan ƙaramin kamfaninsa mai suna Sahel Sounds. Sunan faifan Music from Saharan Cellphones, watau kiɗa daga wayoyin hannu na Sahara. Waƙar da ta fi jan hankalin masu saye ita ce Tahoultine, ta Mdou Moctar, ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka a Sakkwato.

Abin yabo ga wannan bature shi ne bai tsaya ga sayar da waƙoƙin ba. Ya bi sawun masu su don ya biya su rabonsu. Bayan dogon cigiya ya sami Mdou ta waya, daga baya ya tako har Nijar, ya kuma zo masa da tsarabar da ya fi bukata, watau jitar lantarki ta bahago.

FAIFAI BAYAN FAIFAI

Daga nan aiki ya kankama. A 2013 Sahel Sounds ya fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaradan a gaban jama'a. A nan ne mutanen waje suka fara jin Mdou na filin biki, mai jitar lantarki da zafin hannu, wanda ya sha bamban da mai sanyin murya na Sakkwato. A 2014 aka buga Anar kansa a faifan garmaho, shekara shida bayan ɗaukarsa.

A 2015 sai ga shi a majigi. Kirkley ya shirya wani fim a Agadas mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan labarin Purple Rain, fim ɗin da mawaƙin Amurka Prince ya yi a 1984. Mdou ne ya fito a matsayin saurayin da ya zo birni da jita da babur, yana fama da hamayyar abokan sana'a a waje da kuma fushin mahaifinsa a gida. Labarin bai yi nisa da rayuwarsa ta gaskiya ba. Ma'anar sunan fim ɗin ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, don an ce harshen Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya. An yi shelarsa a matsayin cikakken fim na ƙagaggen labari na farko da aka yi da wannan harshe, ya kuma zaga bukukuwan nuna finafinai a ƙasashe da dama.

A 2017 ya fitar da Sousoume Tamachek, faifai mai natsuwa wanda shi kaɗai ya kaɗa dukan kayan kiɗan da ke ciki. Daga baya ne ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta tsaya da ƙafarta: shi kansa a jitar gaba da waƙa, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu mai riƙe kiɗa, Souleymane Ibrahim a ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, a jita mai kaurin amo. Shi wannan na ƙarshe yakan taso tun daga Amurka ya sauka Yamai, sa'an nan ya shiga motar haya ya yi tafiyar fiye da kilomita 900 zuwa Agadas don su yi gwaji tare. An ɗauki Ilana a birnin Detroit, aka fitar da shi a 2019. Shi ne faifansa na farko da aka yi da cikakkiyar ƙungiya a babban ɗakin ɗaukar waƙa.

A 2020 kamfanin Matador na birnin New York, wanda ya yi suna wajen buga kiɗan rok, ya ɗauke shi. A watan Mayu na 2021 aka fitar da Afrique Victime, watau Afirka wadda aka zalunta. Wannan faifai shi ne ya ɗaga shi sama. Jaridu da mujallu da yawa na Amurka da Ingila sun sa shi cikin faya-fayan da suka fi fice a shekarar, har tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya sa waƙar Tala Tannam cikin jerin waƙoƙin da ya fi so a 2021. Wani abin sha'awa kuma, kamfanin ya fitar da wasu 'yan kofe na faifan a cikin ƙaramar wayar Nokia, don tunawa da hanyar da waƙoƙin Mdou suka fara bi. Wanda bai manta mafari ba, ba ya ɓata a tafiya.

A GABAN JAMA'A

Duk da yawan faya-fayan nan, waɗanda suka san shi sun fi yaba masa a kan wasan da yake yi a gaban jama'a. Makarantarsa kuwa ita ce filin biki. A Agadas in ana aure, akan shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareta, a jona lasifika, jama'a su yi da'ira, masu rawa su riƙa shiga tsakiya suna fita. Makaɗa da yawa ne ke neman a gayyace su, saboda haka wanda ya bari fili ya yi sanyi ba a sake kiransa. A irin wannan gasa ce Mdou ya koyi yadda ake riƙe taro sa'o'i da yawa.

Tsarin wasansa a bayyane yake. Yakan fara waƙa a hankali, jita ita kaɗai, sa'an nan ganga ta shigo, jita ta biyu ta kama zagaye guda ta riƙe. Daga nan sai mai ganga ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har kiɗan da ya faro kamar tafiyar raƙumi ya koma sukuwar doki, shi kuwa yatsunsa na gudu a kan wayoyi. Waƙar Afrique Victime, wadda ta haura minti bakwai a faifai, misali ce ta wannan. Wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa ko na dambe ya ga yadda makaɗi ke zuga ɗan wasa da saurin kiɗa, ya san wannan dabara.

Da wannan salo ya hau dandalin ƙasashen waje, cikin riga da rawani da amawali, bai sake shiga ba, bai kuma sake harshe ba. A watan Afrilu na 2024 ya yi wasa a bikin Coachella na jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka. In ya komo gida kuwa sai ya koma filin da ya saba. A 2022 ma an fitar da wasu ƙananan faya-fayai guda biyu masu suna Niger EP, waɗanda suka ƙunshi kiɗan da aka ɗauka a Nijar, a wuraren biki da zaman gwaji, don mutanen waje su ji yadda abin yake a inda aka haife shi.

YURANIYAM DA LANTARKI

Waƙoƙin Mdou na fari na soyayya ne, amma da tafiya ta yi nisa sai ya ƙara ba da ƙarfi ga halin da ƙasarsa ke ciki. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, garin ƙuruciyarsa, kuma a da, shekara da shekaru, kamfanin Faransa ne ya riƙe babban rabo a ma'adinan. Da wannan ma'adini ake sarrafa tashoshin nukiliya masu ba da wutar lantarki a Turai. A Nijar kuwa, kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa. Wannan magana Mdou ya sha maimaita ta a hirarsa da 'yan jarida, ita ce kuma ƙashin bayan waƙoƙinsa na baya-bayan nan.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, tana da injunan da aka girka don ba da megawat 760. Kafin tabkin ya cika sai da aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu, gonakin fadama na ƙasar Yawuri da Ngaski suka koma ƙarƙashin ruwa. Tun tsakiyar shekarun 1970 kuma aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, har ya zamana kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Nijeriya yake zuwa. Amma ƙauyuka da yawa na bakin tabkin sun daɗe suna hangen turakun wuta daga nesa, ga ambaliya kusan kowace damina. Wannan koke ne ya sa aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa a 2010, ko da yake sai bayan shekara goma ta fara aiki sosai. Ashe mutumin Arlit da mutumin Wara, in suka zauna hira, ba za su rasa abin faɗa wa juna ba.

JUYIN MULKI YA RUTSA DA SHI A WAJE

Ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum. Lokacin nan Mdou da abokan kiɗansa suna zagayen wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, aka tsai da jiragen sama, suka rasa hanyar komawa ga iyalansu, har masoyansu suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A gida kuwa ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da take aikawa a watan Agusta, ba a mai da ita ba sai a watan Maris na 2024. Talakawan ƙasashen biyu, musamman na garuruwan kan iyaka, su ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Kafin juyin mulkin sun riga sun gama ɗaukar wani sabon faifai, wanda ya fito a watan Mayu na 2024 da suna Funeral for Justice, watau jana'izar adalci. Shi ne mafi zafi cikin ayyukansa. A ciki akwai waƙar da ta tuhumi Faransa kai tsaye, akwai wadda ta tuhumi shugabannin Afirka, akwai kuma Imouhar, wadda ke kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace a bakin 'ya'yansu. Zaman jiran da suka yi a Amurka kuma bai tafi a banza ba, don a cikinsa ne suka shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa a New York suka sake kaɗa waƙoƙin nan da jitar da ba ta aiki da lantarki, cikin sanyin murya irin ta mai kewar gida. Wannan shi ne Tears of Injustice, watau hawayen zalunci, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2025.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mai karatu zai lura cewa abu uku ne suka haɗu suka kai wannan makaɗi inda ya kai. Akwai gwaninta wadda ya samu da wahala a filin biki. Akwai riƙo da harshensa da kiɗan kakanninsa, wanda ya sa yake da abin da ba a samu a wurin kowa ba. Sa'an nan akwai mutumin da ya ɗauki wahalar tattara waƙa, ya nemi mai ita, ya buga ta, ya biya shi. Na farko da na biyu muna da su a yalwace. Na uku ne ya yi mana ƙaranci, shi ya sa waƙar da aka ɗauka a Sakkwato sai da ta bi ta Kidal da Portland kafin duniya ta san da ita, ribar bugawa kuma ta tafi can.

Ƙasar Yawuri ba baƙuwar kiɗa ba ce. Nan ne gidan Dandawo, Aliyu da ɗansa Sani, waɗanda waƙoƙinsu na sarauta suka zaga ƙasar Hausa ta gidajen rediyo da kaset. Bayan su akwai kaɗe-kaɗen da ba su taɓa shiga rediyo sosai ba: na kokawar Gungawa, na bukukuwan Kambari, na masunta a lokacin su da lokacin Rigata, da waƙoƙin daka da na aure na mata. Wasu daga cikin harsunan da ake yin waɗannan waƙoƙi da su, kamar Shanganci, masu jin su sai raguwa suke yi, don yara sun koma Hausa. Tsofaffin da suka san waƙoƙin tsibiran da ruwa ya ci a 1968, waɗanda suke samari a lokacin, yau sun haura shekara saba'in. Nawa ne daga cikin abin da ke kansu aka ɗauka aka adana?

Wannan aiki ne da ba ya bukatar jiran baƙo. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau ta fi wadda ta ɗauki waƙar Mdou zuwa Mali ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, in za su rubuta kundin neman digiri, ga fili nan a Shanga da Wara da Yelwa. Sai dai a yi abin bisa ƙa'ida: a nemi izinin mai waƙa, a rubuta sunansa da garinsa da ranar da aka ɗauka, a rubuta kalmomin da harshensu tare da fassara, a kuma ajiye kofe a inda wani zai iya samu. Ma'aikatan al'adu na jiha da na ƙananan hukumomi, su ma nasu shi ne su tanadi wurin ajiya mai tsari, su sa gidajen rediyo su juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye su, su kuma tabbatar cewa in wani ya buga waƙar makaɗi ya sayar, rabon makaɗin ko na magadansa ya isa hannunsu.

Samarin da ke kiɗan zamani a ɗakunan ɗaukar waƙa na Sakkwato da Birnin Kebbi da Yelwa kuma, sai su dubi wannan maƙwabci nasu da kyau. Ya karɓi jita da fiyano da kwamfuta hannu bibbiyu, amma abin da ya zuba a cikinsu na gidansu ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa masu abin yi su yi tun tsofaffin nan suna raye.